HDR: Yadda Za Ka Kama Sama Da Ƙasa A Hoto Ɗaya

Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala gab da magariba ya ɗaga kyamara ya san wannan takaicin. Idonka na ganin sama ta yi ja, yana kuma ganin rufin gidaje da lunguna a ƙasa, amma in ka duba hoton, ko dai sama ta yi fari fat, ko gari ya yi baƙi ƙirin. Kyamara ba ta iya riƙe haske mai ƙarfi da inuwa mai duhu a lokaci guda kamar ido. Nan ne HDR ke shigowa.

Dabarar tsohuwa ce. Tun a shekarun 1850 wani mai hoto ɗan Faransa, Gustave Le Gray, yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya. Mu dai kwamfuta ce ke yi mana haɗin.

Ga yadda nake yi. Ina kafa kyamara kan ƙafa uku, in babu, dutse ko katanga ma sun isa, muddin ba za ta motsa ba. ISO 100, ƙofar haske f/8, ba na ƙara taɓa su. Saurin shota kaɗai nake sauyawa: in 1/125 ne daidai, sai in ƙara ɗaya a 1/500 don sama, ɗaya a 1/30 don inuwa. Kada ka sauya ƙofar haske, domin abin da ya fito tar a hoto ɗaya zai yi dishi-dishi a ɗayan, haɗin ya ƙi. Ka ɗauka a RAW. A Lightroom sai ka zaɓi ukun, ka shiga Photo Merge, ka danna HDR. In ganye ko Keke Napep ya motsa tsakanin ɗauka, zai fito kamar fatalwa, Deghost ke gyara wannan.

To, a nan mafi yawanmu ke ɓata aiki, har a hotunan da ake miƙa wa malamai na firatikal. Da mutum ya ga inuwa ta buɗe, sai daɗi ya kwashe shi, ya ja komai har ƙarshe. Gajimare ya koma kamar hayaƙin taya, wani farin zobe ya kewaye dutse da bishiya, ciyawa ta yi kore shar kamar ta roba. Wallahi daga nesa ake gane irin wannan. Ni ƙa'idata ita ce inuwa ta ci gaba da zama inuwa: a ga abin da ke cikinta, amma kada ta kai hasken sama. Inuwar nan ita ke nuna wa mai kallo cewa yamma ce, ba tsakar rana ba. HDR Scape na Snapseed kuwa hoto ɗaya yake matsawa, ba zai dawo da saman da ta riga ta ƙone ba.

Kuma ba kullum ake buƙatarsa ba. Da hunturu hazo ya riga ya dushe hasken, ɗauka ɗaya ta wadatar. Ka jira damina, wajen watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa da la'asar, rana ta leƙo ta ƙarƙashin baƙin hadari. Ka yi ukun da sauri, gajimaren ba ya tsayawa.