Yadda Ake Binne Fayif ɗin Wuta a Bangon Bulo Kafin Filasta

Da an gama girbi, amfanin gona ya shiga kasuwa, sai ka ga tarin bulo da yashi a ƙofar gidaje, daga Koguna har ƙauyukan da ke kewaye da Makoda. Mai gini kan yi lissafin siminti da kwano da katako har kwabo, amma in aka zo maganar wuta sai ya ce, "Bari a tare tukuna." In an tare kuwa, ɗayan biyu ne: ko a fasa filastar da aka zuba wa kuɗi, ko a bi bango da waya ana kafe ta da ƙusa, inda ɓera da hannun yara ke kai mata. Lokacin sa fayif shi ne bayan an yi rufi, kafin birkila ya fara filasta. Ko layin KEDCO bai iso unguwarku ba, ka sa abinka, domin wayar sola ma ta cikinsa za ta bi.

Fara da gawayi. Ku shiga ɗaki-ɗaki kai da mai wayarin, kuma ka kira uwargida, don ita ta san inda gado zai zauna, da kusurwar firji, da inda ake guga. A zana wurin kowane makunni da soket a jikin bulo, har zaure da banɗaki da fitilar tsakar gida. Makunni yakan zauna kamar santimita 120 daga ƙasa, a gefen mariƙin ƙofa, soket kuma santimita 45. Sai dai a auna daga inda daɓe zai tsaya. Na taɓa shiga ɗakin da aka auna daga turɓaya. Da aka yi ciko aka zuba daɓe, soket ya dawo dab da ƙasa, ruwan wanke ɗaki na fantsama masa.

Sannan sayayya, a Dambatta ko a Sabon Garin Kano: fayif ɗin roba na wuta mai milimita 20, da mai 25 don babban layi, kowane sanda kusan mita 3, akwatunan bango, 3x3 na makunni da soket guda, 3x6 na tagwaye, mahaɗi, gam, da sifirin ɗin lanƙwasa. Matsa fayif da yatsa tun a shago. In ya loɓa, bar musu kayansu, araha ba ta ado.

A wajen sara ake kashe gini, don haka a nan za ka tsaya a kan masu aiki. Kowace hanya ta tashi sak daga akwati zuwa saman bango ta faɗa cikin silin, a can fayif-fayif ɗin za su haɗu. Kada a yi ta a karkace wai don a rage tsawon fayif. Gobe wani zai kafa ƙusar rataye labule ko agogo, kuma abin da zai tsare shi kawai shi ne sanin cewa waya tana bisa makunni a miƙe. Ƙa'idar magina ita ce zurfin sara na tsaye kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango, na kwance kuma ɗaya cikin shida. To bulonmu, inci 6 ne ko inci 9, mai rami ne, fatarsa ba kauri. In aka bi shi a kwance mai nisa, an yanke wa bango jijiya ke nan. A tsaga layi biyu da injin yanka, a cire tsakiyar da cizal a hankali, mai yankan ya rufe hanci da ido. Linta da ginshiƙi kuwa ba a sara su. Tun ranar da za a zuba kankarensu ake ajiye guntun fayif a ciki.

Daga nan a dasa akwatuna da kwaɓin siminti, bakinsu ya ɗan fito kamar santimita ɗaya da rabi, yadda zai zo daidai da fuskar filasta. In za a lanƙwasa fayif, a zura sifirin, a ɗora a gwiwa, a tanƙwara sannu-sannu. Masu gasa shi a wutar kara suna tsuke masa ciki ne, ranar jan waya za a sha wuya. Kada kwana ta wuce biyu tsakanin akwati da akwati. A shafa gam a kowane mahaɗi, a danne fayif cikin ramin da ƙusa da wayar ɗauri.

Ga abin da mutanen birni ba su cika tunawa ba: zanzaro. Ka bar bakin fayif a buɗe mako biyu, sai ka tarar ya gina ɗakinsa na laka a ciki. A zura siririyar wayar ja tun yanzu, a toshe kowane baki da kowane akwati da takardar buhun siminti. A ƙara fayif ɗaya da babu komai a cikinsa, daga rufi zuwa inda batirin sola zai zauna, a kuma ware wa wayar talabijin nata.

Sai a jiƙa ramin, a cike shi da kwaɓi, a ba shi ruwa kwana biyu zuwa uku, sannan filasta. Wayar wuta ba ta shiga sai bango ya bushe: mai 1.5 ta fitila da fanka, mai 2.5 ta soket, da wayar ƙasa a kowane layi, kuma kada a cika fayif fiye da kashi 40 cikin 100, don zafi ya sami mafita. Haɗa akwatin rarraba wuta da mita aikin mai takardar shaidar hukumar NEMSA ne. Wutar gida bolt 230 ce, tana kisa.

Kafin birkila ya watsa cokalin farko na cike ramin, ɗauki wayarka ka yi wa kowane bango hoto, fayif na bayyane, ka tura wa babban ɗanka shi ma ya adana.