Zuwa ga Matasan Anka, Gummi da Bukkuyum: Ku Raka Iyayenku Mata Gaban Alƙali



Bayan yi muku jajen halin da ƙasarmu take ciki, na rubuto ne a kan wata ɓarna da ke biyo bayan ta 'yan bindiga, wadda ba a jin ƙararta. Tun harin watan Janairun 2022 da ya ci ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da waɗanda suka gabace shi da waɗanda suka biyo baya, gidajenmu sun cika da mata masu takaba da marayu, da kuma matan da ba su san ko su matan aure ne ko zawarawa ba. An tafi da maigida daji, waya ta daina shiga, ba gawa, ba labari. Irin wannan baiwar Allah za ku gan ta a garin Anka cikin 'yan gudun hijira, goyo a baya, kwanon awara a gaba, kowa ya wuce ya ce mata ta yi haƙuri.

Haƙuri ibada ne, amma shari'a ba ta bar ta haka nan ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke hukunci da ita, matar da mijinta ya ɓata tana kai maganarta gaban alƙali. Ya sa a yi cigiya, in an rasa shi ya yanka mata wa'adin shekara 4, sannan ta yi iddar wata 4 da kwana 10. Ku riƙe wannan da kyau: ba daga ranar da mijin ya ɓata ake fara ƙirga ba, sai bayan an kai ƙara an gama bincike. Wadda ta shekara 3 tana kuka a ɗaki ba ta rage ko kwana ɗaya ba. Wannan dogon wa'adin ma na wadda mijin ya bar wa abin ci ne. Wadda ba a bar mata ko mudun gero ba tana iya neman a raba auren saboda rashin ciyarwa, ba sai ta jira shekarun nan ba. Malamai sun kuma bambanta wanda ya ɓata a fatauci da wanda ya ɓata cikin fitina, kuma alƙali ne zai duba wanne ya dace da ita. Duk wannan yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, Risala da Mukhtasar, amma bai tsallaka daga zaure zuwa cikin gida ba. Wannan ne yake ci mini rai.

Haka maganar gado. Matar mamaci tana da tumunin takaba, kashi ɗaya cikin 8 in ya bar 'ya'ya, ɗaya cikin 4 in bai bari ba. Ana fara biyan bashi kafin rabo, kuma sadakin da bai cika ba bashi ne. Kayan ɗakinta nata ne. 'Ya mace tana da rabo a gona kamar yadda take da shi a kuɗi, ko da baffanta ya ce mace ba ta noma. Idan kuma aure ya mutu, uwa ce ta fi cancantar riƙon yara, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ci da tufafinsu a wuyan uba. In uwar ta yi wani aure, riƙon yakan koma wa mahaifiyarta, ba a fizge yaro ranar yaye.

To, ina za a je? A fara da gida, da liman da mai unguwa da hakimi, domin sulhu ya fi sauƙi, kuma Hukumar Hisba ma tana sasanta ma'aurata. Amma sulhun da zai cinye haƙƙin maraya ba a karɓarsa, sai a je kotu. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba 1999, kotunanta suna hawa-hawa har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumin aure da saki da riƙon yara da wasiyya da gado. Mace tana iya tsayawa ta yi magana da Hausa, ko ta naɗa wakili. Wanda hukunci bai gamsar ba ya tambayi rajistara wa'adin ɗaukaka ƙara a ranar, don wa'adin gajere ne. Safiya Husaini ta Tungar Tudu, da aka yanke wa hukuncin jefewa a Gwadabawa a 2001, ɗaukaka ƙara da taimakon lauyoyi ne suka kuɓutar da ita a Sakkwato a watan Maris na 2002.

Lauya kuwa ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Hukumar Agajin Shari'a ta Ƙasa, da aka kafa a 1976, tana da ofis a Gusau, kuma dokarta ta 2011 ta tanadi shawara da taimako kyauta ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ƙungiyar WRAPA suna tsaya wa mata. Na san hanyar Gusau ba ta shiguwa kullum, kuma kuɗin mota daga Daki Takwas ba wasa ba ne ga mai takaba. Don haka a fara da waya da kotun da ke kusa.

Ku 'yan Gummi, Mai Martaba Sarkin Mafaran Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, ya riƙe muƙamin Babban Jojin Abuja kafin ya hau gadon sarauta. Bai kamata a ce a masarautarsa ana jin tsoron ƙofar kotu ba.

Aikin da nake roƙonku ba shi da yawa. Ku da kuka yi boko da islamiyya, in an ɗaura aure ku rubuta sadaki da sunayen shaidu. In an yi saki a karɓi takarda mai kwanan wata. Ku ɗauki hoton takardun gona da na haihuwa da wayarku, ku tura wa ɗan'uwa a wani gari, domin wuta ta cinye na mutane da yawa. Wanda innarsa ko yayarsa take jiran mijin da ya ɓata, ya nemi dattawa biyu da suka san ranar da aka tafi da shi, ya raka ta wurin alƙali cikin makon nan.