Darasi Domin Dattawa: In Magana Ta Shafe Ka, Ka Fita Waje

'Yan'uwa, a wannan wata za mu yi koyo a kan aikin 'yan kwamiti, wato waɗanda jama'a ta danƙa wa kuɗin ekklesiya, ko na makaranta, ko na taimakon gwauraye da marayu. Mu fara karanta Nehemiya 13:4-9. A can mun ga Eliyashib firist, mai lura da ɗakunan ajiya na Haikali, ya ba Tobiya babban ɗaki domin akwai dangantaka tsakaninsu. Ɗakin kuwa na ajiye zakka da kayan hadaya ne. Da Nehemiya ya komo Urushalima sai ya watsar da kayan Tobiya waje. Ba a ce Eliyashib ya saci kuɗi ba. Zumunci ne ya rinjayi amanarsa.

Mu ma muna cikin wannan hatsari. A ce kwamitinmu ya haɗa dattawa daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Ana so a sayi kwanon rufi, ga shi ɗayanmu yana da kanti a Gusau. Ana neman malami, ga ɗan ƙanen ma'aji yana nema. Ana shawarar inda za a haƙa rijiya, na Tsafe yana ja gabas, na Bunguɗu yana ja yamma. Har jam'iyya takan shiga. A zaɓen 2023 gwamnatin Zamfara ta koma daga APC zuwa PDP, kuma a benci ɗaya akan sami magoya bayan kowacce. Kowa ya bar hular jam'iyyarsa a bakin ƙofa.

To, me za mu yi?

Na fari, wanda magana ta shafe shi, ko ta shafi danginsa, ya faɗa da bakinsa tun ba a tambaye shi ba.

Na biyu, ya fita waje har a gama shawara, kada ya ɗaga hannu. Mun san kunya. Da wuya mutum ya ce a'a a gaban dattijo.

Na uku, magatakarda ya rubuta cewa wane ya fita, a kuma nemi farashi a wurare uku.

Dokar ƙasa ma tana tare da wannan. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta 2020, sashe na 838, ta ce dukiyar ƙungiya mai rajista ta aikin ƙungiyar ce kaɗai, ba a raba wa 'yan ƙungiya riba daga cikinta.

Wani zai ce, ashe ba ku amince da ni ba? Mun amince. Amma Bulus kansa bai yarda ya kai gudummawa Urushalima shi kaɗai ba, ya tafi da waɗanda ekklesiyoyi suka zaɓa, domin kada kowa ya sami abin zargi (2 Korintiyawa 8:18-21). In zato ya shiga, baiko yakan ragu, marayu ne kuwa za su sha wahala.

Tambayoyi: Wace shawara ce ke gabanmu da ta shafi ɗayanmu? Wa zai fara tashi ya fita?