Amsar Tambaya: Sarrafa Fi'ilin Turanci

Malam, jarrabawa ta matso, sarrafa fi'ilin Turanci kuwa ya gagare ni. Ina mafita? — Wani ɗalibi daga Zariya

Ɗana, kwantar da hankalinka, lamarin bai kai sarfun Larabci wuya ba. A Hausa lamirin suna ke nuna lokaci, kamar na dafa, zan dafa. Amma a Turanci, fi'ilin da ke bin ƙa'ida siga huɗu kacal gare shi, wato cook, cooks, cooked, cooking, sauran ɗawainiyar kuwa kalmomin taimako irin su will da have ke ɗauka. Haddace su, ka riƙa gina jimla da kowacce kullum. Sai dai ka kiyaye, in did ta gabata fi'ili asalinsa yake komawa, don haka did not cooked kuskure ne. Haka ma wajen umarni, cook kawai ake cewa.