Kafin Na'ura, Akwai Ido da Hannu

Aikina shi ne koyar da ɗaliban jinya, kuma cikin darussan da nake koyarwa babu wanda ya fi tsaya mini a rai kamar darasin duba jikin majinyaci. Na rubuta wannan ne don mutanen gida su san abin da waɗannan yara suke yi idan suka tsaya a gefen gadon ɗan'uwansu, kuma don ɗaliban su tuna nauyin da ke wuyansu.

A ƙananan asibitocinmu na karkara, sau da yawa ma'aikacin jinya ne mutum na farko da zai ga mara lafiya, wani lokaci shi ne na ƙarshe. Babu hoton ƙirji, babu ɗakin gwajin jini, wuta ma sai ta ga dama. Abin da yake da shi shi ne idonsa, hannunsa da kunnensa. Shi ya sa muke gina darasin a kan matakai huɗu: kallo, taɓawa, ƙwanƙwasawa da saurare. Wajen duba ciki ne kawai muke sauya tsari, mu saurara kafin mu danna, domin dannawa na iya canja kukan hanji. Waɗannan dabaru sun daɗe. Wani likita a birnin Vienna, Leopold Auenbrugger, ya wallafa bayanin ƙwanƙwasa ƙirji a 1761, René Laennec kuma ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a Faransa a 1816. Har yau ba su tsufa ba.

Abin da na fi matsa wa ɗalibai a kai shi ne ƙirga numfashi, domin shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Awon jini da awon zafin jiki suna da na'ura, numfashi kuwa sai an tsaya, an dubi agogo, an ƙirga minti ɗaya cur. Mai gaggawa sai ya rubuta 20 daga kansa ya wuce. Alhali numfashi na daga cikin alamomin da ke fara canjawa idan jiki zai rikice. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ga yara kuwa, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace: jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye saurin numfashi ne, daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50, daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Yaro mai tari da ya kai wannan adadi, ko wanda ƙasan ƙirjinsa ke loɓawa idan ya ja numfashi, ana zargin nimoniya, kuma ba a yi masa jinkiri. Don haka uwa, idan kin ga ɗaliba ta ɗaga rigar ɗanki ta yi shiru tana kallon ƙirjinsa, aiki take yi. Ki taimaka mata ki lallashe shi, domin kuka yana ɓata lissafi.

Abu na biyu da nake daɗewa a kansa shi ne launin fata. Yawancin littattafan da muke karatu da su an rubuta su ne a Turai da Amurka, hotunan da ke ciki kuma na fararen fata ne. Littafi zai ce mai ƙarancin jini fuskarsa na yin fari, mai ƙarancin iska leɓensa na yin shuɗi. Ɗalibin da ya haddace wannan kawai zai tsaya gaban majinyacinmu bai ga komai ba. Sai mu koya masa inda zai duba: ya janyo fatar ƙasan ido, ya dubi harshe, dasashi da tafin hannu. Shawara a farin ido take bayyana, kuma a hasken rana ake dubanta. Matanmu suna ƙunshi da lalle, wanda ke rufe tafi da farce, sai ido da baki su zama madogara. Ko ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, bincike ya nuna tana iya nuna adadin da ya fi na gaskiya a kan baƙar fata. Idan ta ce lafiya lau, majinyaci kuma yana haki, majinyacin za a gaskata.

Hannu ma yana da nasa karatun. A danna saman ƙafafun yaro biyu na daƙiƙa uku. Idan gurbin yatsa ya zauna, alamar tamowa mai tsanani ce, haka ma idan tef ɗin awon damtse ya nuna ƙasa da santimita 11.5 ga yaron wata shida zuwa shekara biyar. A tsunkuli fatar ciki. Idan ta yi jinkirin komawa, gudawa ta tsotse ruwan jiki. Mai ciki da ta wuce mako 20, jininta ya kai 140 bisa 90, ga ciwon kai da kumburin fuska, ba a ce mata ta dawo gobe, domin jijjiga na iya biyo baya. Awon jinin kansa yana da ƙa'ida: mutum ya huta kamar minti biyar, hannunsa daidai da zuciya, kuma maɗaurin ya dace da kaurin damtse, domin ƙaramin maɗauri kan ƙara adadi.

Sai maganar kunya, wadda ba ma wasa da ita. Kafin ɗalibi ya taɓa kowa, sai ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya bayyana cewa shi ɗalibi ne, ya nemi izini: “Baba, zan ɗan duba ƙirjinka, ka yarda?” Ya ja labule, ya wanke hannu, ya buɗe wurin da zai duba kaɗai. Idan namiji zai duba mace, wata mace ta kasance a wurin. Muna fara horo a ɗakin gwaji da mutum-mutumi, sannan a jarrabawa ana zagayawa da ɗalibi tasha-tasha, malami na kallon kowane motsinsa. Amma mutum-mutumi ba ya jin kunya, ba ya ɓoye ciwo, ba ya cewa “da sauƙi” alhali yana shan wahala.

Roƙona ga jama'a shi ne: kuna da haƙƙin ku ƙi, kuma babu wanda zai hana ku magani saboda haka. Amma idan kuka ga ɗalibi ya zo da ladabi, malaminsa na kusa, ku ba shi dama, ku kuma faɗa masa gaskiya, har da maganin gargajiya ko na kemis da aka sha a gida. Ɗalibai kuma, kada ku rubuta adadin da ba ku auna ba, kuma abin da kuka gani wanda bai yi muku daidai ba, ku sanar da na gaba da ku nan take. Likitan da zai zo zagaye da safe a kan abin da kuka rubuta zai yanke hukunci, kuma ran mutum ne a cikin wannan takarda.