ZAƁEN GIYA GA DIREBAN A-KORI-KURA MAI JAN TIRELA

An shirya wannan bayani ne domin direbobin ƙananan motocin ɗaukar kaya masu shan man dizal, wato irin waɗanda aka saba kira a-kori-kura, ko da yake a yau jama'a kan kira kusan dukkansu Hilux, ko wane kamfani ne ya ƙera su. Manoma da 'yan kwangila da ma'aikatan hukuma suna ɗaura wa waɗannan motoci ƙaramar tirela a baya, su ɗora mata buhunan hatsi, ko tankin ruwa, ko injin ba da wuta, ko dabbobi. Abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba shi ne, daga lokacin da aka ɗaura tirela, motar da suka sani ta zama wata mota dabam, kuma giyar da suka saba tafiya da ita ba lalle ta dace da sabon nauyin ba.

Mu ɗan yi lissafi. A-kori-kura mai ƙofa huɗu, ba kaya, nauyinta ya kai wajen tan 2. Idan ta jawo tirela ɗauke da buhu 20 na masara, kowane buhu kilo 100, ga kuma nauyin ita kanta tirelar, to abin da injin zai ja, kuma abin da birki zai tsayar, ya ninka har ya ɗara. Inji bai ƙaru ba, birki bai ƙaru ba. Abin da ya rage a hannun direba da zai daidaita al'amarin shi ne giya. Tun kafin a zo nan ma, wajibi ne ya duba littafin motarsa ya ga iyakar nauyin da aka yarda ta ja. Yawancin kamfanoni sun tsaya a kilo 750 ga tirelar da ba ta da birkin kanta. Mai birki kuwa, akwai motocin da aka yarda su ja har kilo 3,500, akwai kuma waɗanda ba su kai haka ba ko kusa.

Yadda injin dizal yake ba da ƙarfinsa

Injin dizal ba ya son gudu irin na injin fetur. Ƙarfin jansa yana taruwa ne a tsaka-tsakin juyi, kuma a yawancin a-kori-kura na zamani masu turbo wannan wuri yana tsakanin juyi 1,500 da 2,800 a minti ɗaya. Agogon da ke gaban direba kusa da na gudu shi ke nuna juyin inji, lamba 2 tana nufin juyi 2,000. Mai jan tirela ya riƙa kallon wannan agogo fiye da yadda yake kallon na gudu. Idan allura tana tsakanin 2 da 2 da rabi, inji yana aiki cikin walwala, famfon ruwa da na baƙin mai suna zagayawa sosai, zafi yana fita ta lagireto.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar kai mota babbar giya, da nufin wai a tanadi mai. A giyabos mai giya biyar, ta huɗu ita ce galibi take miƙa juyin inji kai tsaye ba ragi ba ƙari. Ta biyar an yi ta ne domin mota marar kaya a miƙaƙƙiyar hanya, tana rage juyin inji, amma tana rage ƙarfin da ke isa taya. Idan aka tilasta wa inji jan tan biyu a cikinta, direba zai ji motar tana kakkarwa, ya taka totur har ƙasa gudu bai ƙaru ba, tsohuwar mota kuma ta fara fitar da baƙin hayaƙi ta salansa. Wannan hayaƙi man da bai ƙone ba ne, wato kuɗin da ake neman tanadawa ne ke bin iska. Ban da haka zafi yana taruwa a kan inji, haƙoran babbar giya suna ɗaukar wahalar da ba a yi su dominta ba. Saboda haka a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da tirela mai nauyi, a zauna a ta huɗu idan giya biyar ce. Idan shida ce a tsaya a ta huɗu ko ta biyar, a bar ta shida sai ranar da aka kwance tirela.

Hawan tudu

A sauya giya tun kafin a fara hawa, ba sai mota ta sare a tsakiyar tudu ba. Direban da ya jira har gudu ya mutu, lokacin da zai taka kuloci nauyin tirela zai janye sauran gudun, ya iske giyar da ya shiga ita ma ta yi wa motar girma, sai ya sake neman wata. A nan ne mota kan mutu, ta fara komawa da baya. Kada kuma a riƙe mota a tudu da rabin kuloci, domin farantinsa yana ƙonewa cikin ɗan lokaci, kuma warin da ke tashi shi ne shaida. Idan tsayawa ta kama, a ja hambirki, yaron mota ya sa weji a bayan tayar tirela, a tashi da giya ta ɗaya a hankali.

Masu hawa ƙasashen tudu su san cewa iska tana raguwa da tsawo. Injin da ba shi da turbo yana asarar kimanin kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. Jos tana bisa wajen mita 1,200, tsaunin Mambila a Jihar Taraba ya ɗara haka. Tudun da mota za ta hau da giya ta uku a Lakwaja, irinsa a can sai da ta biyu. Idan allurar zafi ta fara tashi, a kashe na'urar sanyaya mota, a sauko da giya ɗaya, a rage gudu. In ta ƙi sauka a sami wuri a tsaya, a bar inji yana aiki a hankali har ya huce. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto yana da zafi.

Mota mai sauya giya da kanta

Yanzu a-kori-kura masu giyar otomatik sun yawaita, kuma masu su kan ɗauka cewa da an sa D an gama. Ba haka ba ne. A tsakanin inji da giyabos na irin wannan mota akwai wata tukunya cike da mai, man ne ke miƙa ƙarfin inji. Duk lokacin da motar take ta kai da kawowa tsakanin giya biyu, ta hau ta sauko, ta hau ta sauko, man nan yana ɗaukar zafi, kuma zafi shi ne ajalin wannan giyabos. Da direba ya ji motarsa tana wannan kai da kawowa, ya hana ta da hannunsa. A tsofaffin motoci akwai maɓalli mai rubutun O/D OFF da ke rufe babbar giya. A sababbi ana tura sandar giya zuwa S ko M a zaɓi lambar da ake so, galibi 4 a mai giya shida. Wasu kuma, irin Ford Ranger na baya-bayan nan, suna da tsari na musamman mai suna Tow/Haul, wanda ke jinkirta hawa babbar giya, ya kuma sauko da ita da kansa a gangara. A yawancin motoci man giyar otomatik ja ne garau yana sabo. Idan ya koma baƙi-baƙi yana warin ƙuna, a nufi makaniki.

Gangara

A nan ne rai yake a hannun giya. Duk wanda ya taɓa saukowa daga Jos zuwa Akwanga ta Hawan Kibo, ko ya bi kwanonin tudun Milliken da ke shiga Inugu, ya san irin gangarar da ake nufi. Tsofaffin direbobin manyan motoci suna da ƙa'ida da har yau ba ta tsufa ba, wato giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Mai tirela ya fi kyau ma ya rage ɗaya a kan haka, domin injin dizal na ƙaramar mota ba ya riƙe mota a gangara kamar yadda na fetur yake yi, kuma yawancin a-kori-kura ba su da birkin salansa irin na manyan motoci.

Dalilin wannan ƙa'ida a fili yake. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudunta zafi. Idan gudu ya ninka, zafin da za a zubar ya ninka sau huɗu. Direban da ya ɗora ƙafa a birki tun daga kan tudu har ƙasa yana gasa shi ne, takalman birki su yi santsi, man birki kuma ya tafasa. Sabon man birki mai lamba DOT 3 sai ya wuce digiri 205 a ma'aunin Salsiyas yake tafasa, amma tsoho wanda ya sha danshi yana iya tafasa a wajen 140. Da ya tafasa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse ba abin da ya kama. Wannan shi ne abin da ake ba da labari a ce birki ya tsinke, alhali sau da yawa ba abin da ya tsinke.

To, a shiga ƙaramar giya tun a kan tudu, kafin mota ta fara zubowa. Idan gudu ya ƙaru, a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci har ya ragu da kimanin kilomita 10 a awa, a ɗaga ƙafa birki ya sha iska, a sake in ya sake ƙaruwa. Inji zai yi ƙara fiye da yadda aka saba, ba laifi, muddin allura ba ta kai jan layi ba. Idan ana taka birki a kai a kai, giyar ta yi girma: a rage gudu sosai tukuna, sannan a sauko. Sauko da giya ana cikin gudu yana iya lalata inji, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta yana iya sa tayoyin baya su zame, tirela ta turo motar ta karkata su naɗe.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tun da man dizal ya yi tsada, wato cire giya a bar mota a firi tana gangarawa, wasu har su kashe inji. Wannan ganganci ne, kuma ko tanadin da ake nema babu shi. Injin dizal na zamani, idan mota tana cikin giya aka ɗaga ƙafa daga totur, yana yanke mai gaba ɗaya. A firi kuwa dole ya ci gaba da shan mai don kada ya mutu. Wanda ya kashe inji kuma ya kashe famfon da ke taimaka wa birki da wanda ke sauƙaƙa sitiyari, ga tan huɗu a gangara.

Yashi, laka da ribas

Motoci masu ja da taya huɗu suna da 4H da 4L. Ita 4L tana ninka ƙarfin ja wajen sau biyu da rabi, tana da amfani wajen fitar da tirela daga gona, ko tashi a tudu mai tsakuwa, ko yin ribas a hankali ba tare da ƙona kuloci ba. Sai an tsayar da mota cik ake shiga ta. Da an hau busasshiyar kwalta a koma 2H, domin a yawancin a-kori-kura tafiya da taya huɗu a kan kwalta tana murɗe ƙarafan ƙarƙashin mota, musamman a kwana.

Idan an kai masauki bayan doguwar tafiya da kaya, kada a kashe inji nan take. A bar shi minti ɗaya ko biyu yana aiki a hankali domin turbo ya huce. Sannan a ja hambirki, a bar mota a giya ta ɗaya idan tana fuskantar tudu, a ribas idan tana fuskantar gangara, ko a P idan otomatik ce, a kuma sa weji a tayoyin tirela kafin a kwance ta.