Maigida zai sayar da gona don tafiya buga golf

Anti, ni 'yar Karare ce, ina aure a Kaduna. Tunda maigidana ya yi ritaya ya kamu da wasan golf. Yanzu abokansa sun shirya hutu a Sikotland, za su buga a filayen bakin teku da na cikin itatuwa, shi kuwa kuɗinsa ba su kai ba. Yana so ya sayar da gonarsu ta gado, wai tunda 'yan bindiga suka addabi yankinmu na Batsari ba ta da amfani. Na yi magana, ya ce ban san duniya ba. Yaya zan yi?

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Kada ki raina masa wasan. Dattijon da ke taka ƙafa ya zaga ramuka 18 ya fi wanda ya wuni kan tabarma lafiya, kuma mu Katsinawa ba baƙin wasannin Turawa ba ne, ai Sarki Usman Nagogo ya yi suna a wasan holo. In kika ce masa aikin banza yake yi, kin rufe ƙofar magana.

Ki tambaye shi yadda tafiyar take, cikin raha, bayan ya ci ya ƙoshi. Filin da kowa ke mafarki shi ne tsohon filin St Andrews, a bakin teku, inda ƙa'idar ramuka 18 ta samo asali a 1764. Rairayi ne da ciyawa da iska mai karkatar da ƙwallo, babu inuwar da za a fake. Baƙo yakan shiga ƙuri'a kwana biyu kafin ranar bugu, sai ya nuna takardar shaidar ƙwarewa, ranar Lahadi kuma ba a bugawa. Mutum zai iya biyan biza da jirgi da masauki, ƙuri'a ta ƙi faɗa masa. Filin itatuwa kuwa, wanda yake bugawa a nan Kaduna ai irinsa ne, ga na IBB a Abuja, ga Rayfield a Jos tun 1913, da sanyinsa.

Gonar ce ta fi damuna. Kin ce "gonarsu". An raba gadon? In ba a raba ba, akwai haƙƙin 'yan'uwansa a ciki, mata da maza, kuma ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai. Ko da an raba, wanda ya sayar da gona lokacin da mutane ke tsoron zuwa daji, a wulaƙance zai sayar. Ran da hanya ta lafa, kuɗin nan ba za su dawo da rabinta ba.

Kada ki kai ƙararsa wajen abokai, zai ji kin tozarta shi. Ki nemi yayansa ko kawunsa a Karare, wanda yake jin nauyinsa, ya kira shi kan maganar gadon kawai. Ke kuma ki ce ya riƙa ware wani abu daga fansho duk wata, bana ku je Jos tare.